Kofin Da Baba Bai Sha Ba

Sallama gare ku, masu biye da ni a wannan shafi. Wasunku sun rubuto suna cewa na fiye bayanin kwanuka da gadajen asibiti, su soyayyar suke son ji. Ku yi haƙuri da ni. Tawa soyayyar a tsakanin kwanukan aka yi ta, ba ni da wani wurin da zan kai ku.

Ga wanda yau ya fara shigowa, sunana Sa'ida, a Madabo aka haife ni. Abin da nake ba ku ya faru ne 'yan shekaru bayan soja sun koma bariki, lokacin da wayar hannu ta fara shiga hannun talaka. A lokacin shekarata ashirin da bakwai, ina aji biyu a makarantar yaƙi da jahilci ta yamma. Shekarun da sa'o'ina suka yi a makaranta da ɗakin miji, ni a gefen tabarmar Innata na yi su ina jinya, har Allah ya karɓi abarsa. Ban gama rabar da zannuwanta ba Baba ya kwanta.

Baba, Malam Salihu baduku, gyambon ciki ne ya daɗe yana cin sa har hanyar abinci ta tsuke, sai abu mai ruwa ke wucewa. Likita ya ce magani sai tiyata, amma ba za su taɓa shi ba sai ya yi ƙwari. Ranar da aka ɗora shi a sikeli kilo arba'in da biyu ya yi, mutumin da ke ɗaukar damin fata daga Jakara zuwa Kurmi bai huta ba. Aka ce sai ya kai arba'in da shida. Don haka aka sa shi cikin masu shan madarar ƙarin ƙarfi, wani gari ne a gwangwani da ake damawa da ruwa, kofi uku a rana. Kala uku ce, kowace da sunanta na Turanci, amma a ɗakin maza ba mai kiran su da wannan. Mai ruwan hoda, mai ruwan ƙasa, da fara. Haka muka san su.

Wanda ke kawo ta shi ne Malam Mikail, ma'aikacin sashen abinci, ɗan Zaitawa. Dogo ne, baƙi, kullum cikin farar rigar aiki a kan yadi ruwan toka, biro biyu a aljihu. An ba shi aikin gano wacce majinyata suka fi so, don asibiti ya san wacce zai riƙa saye. Yana yawo da wani kwali mai fuskoki biyar, daga mai ɗaure fuska zuwa mai dariya. In ka sha, sai ka nuna fuskar da ta dace da abin da bakinka ya ji. Yakan tsaya a kan mutum har ya shanye, yana kallon yadda yake haɗiyewa, don ya ce tsofaffin cikin gari bakinsu ba ya kushe kyauta, amma goshinsu yana yi.

Na ba ku labarin yadda ya same ni a baranda ina haɗa baƙi a littafin aji biyu, yatsana a ƙarƙashin layi, bai yi dariya ba. Ya zauna nesa kaɗan ya jira har na kai ƙarshen shafi. Bayan mako biyu ya aika wa Gwaggona 'Yardada, yayar Baba, cewa yana so a ba shi izinin neman aurena. Gwaggo ta kai maganar gadon Baba, Baba ya ce Allah ya tabbatar da alheri. To daga wannan ranar ne abin ya lalace, ba wanda ya lura sai ni.

Tun da magana ta shiga, Malam Mikail ya daina tsayawa a kan Baba. Wa zai tsaya yana kallon maƙogwaron surukinsa? Sai ya cire takalmi tun daga gado na uku, ya durƙusa, ya ajiye kofin a kan lokar gefen gado da hannu biyu, kansa a ƙasa. Ya miƙa kwalin fuskokin yana kallon siminti. Baba kuwa, wanda ko ruwa ba zai kurɓa a gaban mai neman 'yarsa ba, sai ya ɗora yatsa a kan mai dariya ya ce da daɗi, Allah ya yi albarka. Malam Mikail ya ja da baya ya fita, bayan rabin awa ya dawo ya tarar da kofi wayam, ya rubuta an shanye.

An shanye kam. Malam Tanko ne ke shanyewa.

Malam Tanko mahauci ne daga Jakara, gadonsa na jikin na Baba, an yi masa aiki a hanji yana murmurewa. Sun san juna shekara talatin, shi ke sayar wa Baba fata. Da Malam Mikail ya ba da baya sai Baba ya tura kofin da bayan hannu, shi kuma ya karɓe ya ɗaga kai. Mai ruwan hoda ce aka fi kawo wa Baba, tunda ita ya fara nuna wa fuskar dariya.

"Ni dai Allah ya ja kwanan surukin nan naka, Salihu," in ji Malam Tanko yana lashe gashin baki. "Kai ka haifi 'ya, ni nake cin gajiya."

"Sha abinka," in ji Baba. "Wannan ai turaren mata ne aka dama. Ƙamshinsa kawai tayar mini da zuciya yake."

Na tambaye shi ko a canja masa da mai ruwan ƙasa. Ya ce ya ɗanɗana tun farko, duk kanwar ja ce, zaƙi kamar an narka alewa. Tun da ciwon nan ya kama shi, in ji shi, zaƙi a bakinsa kamar ƙarfe yake. Abin da ransa ke so abu mai tsami, mai ɗan yaji, wanda zai tashi harshe. Na ce to a gaya wa Malam Mikail mana. Ya dube ni, irin kallon da yake mini tun ina yarinya in na yi magana a gaban baƙi.

"Uwata," haka yake kira na don sunan mahaifiyarsa gare ni, "yaro ya durƙusa ya kawo mini abu da hannunsa, in ce masa ba daɗi? Ki bar maganar nan."

Na bar ta. Ni mai barin magana ce, duk wanda ya san ni ya sani. Nakan zauna in ji ta kowa, in wanke kofi, in mayar. Kwana sha tara ina wanke kofin da na san ba cikin Baba ya shiga ba. Ina ba shi ruwan koko da ɗan romo a cokali, shi ke riƙe da shi. Malam Tanko ya yi kumatu, har matarsa ta ce asibitin nan ya karɓe shi. Baba kuwa agogonsa ya koma yana zamewa har gwiwar hannu.

Ranar Talata aka sake ɗora shi a sikeli. Arba'in da rabi.

Sista Jummai, babbar nas ta ɗakin, ta ja ni gefe wajen tagar da ake shanya tawul. Mace ce mai faɗa amma ba ta ɓoye gaskiya. Ta ce in shirya zuciyata. Fayil ya nuna Baba na shan kofi uku kullum ba fashi, ga shi yana raguwa. In jiki na karɓar wannan duka bai riƙe ba, likitoci za su ɗauka akwai wani mugun abu a ciki da ya fi gyambo. Ranar Alhamis babban likita zai zagayo, kuma yadda ta ga take-takensa, sallamar mu zai yi, a ce mu je gida mu ci gaba da addu'a. Kun san abin da wannan ke nufi.

Da la'asar na koma gida ɗauko kayan sawa. Gidanmu na Madabo irin na da ne, zaure biyu, soro mai sanyi, tsakar gida da rijiya da bishiyar lemun tsami da Inna ta dasa. Warin jima bai bar ɗakin Baba ba har yanzu, fatunsa na rataye yadda ya bar su. Na tarar da Gwaggo 'Yardada ta baje a tabarma, ta sa an fito da kwanukan samira na Inna ana gogewa da toka. Ta ɗaura atamfarta mai ganyen kuka, ta kafa ɗauri kamar ranar suna. Kawun Malam Mikail zai zo ranar Juma'a bayan la'asar ya gana da ƙanin Baba, ita kuwa tun Talata ta fara shiri.

Na zauna na gaya mata komai, muryata ƙasa-ƙasa. Ta saurara tana jujjuya murfin kwano. Da na gama ta ce ta sani, ai ita ma tana da ido. Ta ce mu bari Juma'a ta wuce tukuna, in an sa magana a ƙasa sai a san dabarar yi.

Na ce Alhamis kafin Juma'a take.

"To ki je ki faɗa," in ji ta. "Ki ce ubanki ya yi sati uku yana yi wa yaro ƙarya. Ki ce yaron kuma ya cika takardun gwamnati da abin da bai gani ba. Ki kunyata tsoho a gadonsa, ki kunyata saurayi a gaban ogansa, duk da baki ɗaya. Sannan ki dawo nan mu zauna ni da ke, mu ci gaba da goge kwanuka har ki yi furfura."

Ta ci gaba. Ta ce shekara ashirin da bakwai ba wasa ba ce, 'yan bayana suna da 'ya'ya huɗu. Ta ce ma'aikaci mai albashi ya ga mai karatun aji biyu ya ce yana so, wannan ba kullum ake samu ba. Ta ce rai na hannun Allah, ba a kofi yake ba. Ba mugunta ce ke sa ta ba, ku fahimce ni. Ita ta yi mini wankan jariri, kuma ta gaji da amsa tambayar mata a gidan biki. Ni ma na gaji. Gajiyar da nake ji a lokacin ba ta barci ba ce, irin wadda ke zama a ƙashin baya ce.

Ina ninke rigunan Baba wayata ta yi ƙara. 'Yar ƙarama ce mai tocila, Malam Mikail ya ba ni don in riƙa gwada karatu. Yakan rubuto da Hausa, gajere, ba ya gutsure kalma, don ya san a hankali nake bi.

"Ranki ya daɗe. Na ga sikelin Baba. Raina ya ɓaci. Gobe zan ƙara masa kofi na huɗu, mai ruwan hoda da yake so."

Sau uku na karanta. Na fara rubuta amsa, na goge. Na sake farawa, harafin farko ya tsaya shi kaɗai a fuskar waya har hasken ya mutu. Wannan ba maganar waya ba ce, kuma ko ta waya ce, yatsuna ba su kai nan ba.

Laraba na wuni ina kallon kofi huɗu suna wucewa gadon Malam Tanko. Na huɗun ma shi kansa ya ce ya ƙoshi, ya dube ni ya kau da kai. Da Baba ya yi barcin azahar sai Malam Tanko ya ce mini a hankali, shi fa abin ya fara damun sa, jiya ya ga haƙarƙarin Salihu ta wuyan riga. Ya ce amma ba shi zai tona abokinsa ba.

Ranar Alhamis na yi sammako. Na sa doguwar riga ruwan bula da ta koɗe a kafaɗa, na yafa farin mayafin Inna. Ban shafa komai ba, ko kwalli. Na tsaya a bakin ɗakin da suke dama madarar, inda ƙamshin nan mai kama da turare ke fitowa. Malam Mikail ya fito da tire a hannu, ya gan ni ya yi murmushi, ya fara tambayar ko na yi aikin gida na lissafi.

Na ce, "Malam, Baba ba ya sha."

Bai gane ba. Ya ce ai yanzu zai kai masa.

"Bai taɓa sha ba. Malam Tanko ke shanyewa. Zaƙin ne ba ya iyawa, kuma yana jin nauyinka."

Ya ajiye tiren a kan taga a hankali, kamar mai gudun kada ya farka wani. Ya daɗe yana kallon kofunan.

"Kwana nawa?"

"Yau ashirin da ɗaya."

"Kina gani?"

"Ina gani."

Ya gyaɗa kai. Da ya yi faɗa da na fi samun sauƙi. Ya tambayi abin da Baba ke marmari, na ce tsami da yaji. Ya ciro biro ya rubuta a tafin hannunsa, ya ɗauki tiren ya koma ciki. Bai sake kallo na ba.

Ƙarfe goma babban likita ya shigo da ayarinsa. Ina tsaye a kan Baba, Gwaggo na zaune a kujerar roba da carbi. Likita ya buɗe fayil, ya duba, ya rufe, ya fara da cewa Baba, mun yi iya ƙoƙarinmu. Sai Malam Mikail ya fito daga bayan ɗalibai. Wannan karon bai cire takalmi ba. Ya yi magana da Turanci, ban ji duka ba, amma na ji lambar gadon Baba, na ga ya nuna layukan da ya cika da hannunsa. Sista Jummai ce ta fassara mini daga baya. Cewa ya yi abin da ke fayil ba daidai ba ne, shi ya rubuta an sha alhali bai tsaya ya gani ba, laifin nasa ne shi kaɗai. Bai ambaci Baba da ƙarya ba, bai ambace ni ba.

Likita ya wanke Malam Mikail tas a gaban kowa. Ya ce sakacinsa ya kusa sa a sallami mutumin da yunwa kawai ke kashewa. Ya ce duk takardun ɗanɗanon da ya tara a ɗakin nan a sake su daga farko, kuma ya same shi a ofis. Sannan ya juyo ga Baba da Hausarsa ta 'yan boko ya ce an ƙara masa mako biyu, in ya hau ko da kilo biyu ne za a sake magana.

Ayarin ya wuce. Malam Tanko ya ja bargo har ka. Baba ya juya fuskarsa bango. Gwaggo ta tashi ta gyara mayafi, ta ce mini sannu da aiki, ta fita.

Da azahar Sista Jummai ta kira ni ta miƙo mini gwangwani. Ta ce Malam Mikail ya bari a ba ni. Wata iri ce da ba a sa mata ƙamshi ko zaƙi ba, tana can ƙasan kabad ba mai tambayar ta, don ba ta cikin ukun da ake gwadawa. A jikin murfin ya manna takarda da manyan baƙaƙe yadda zan iya karantawa: cokali huɗu, a fura mai ruwa, a tace sosai, likita ya yarda.

Na tafi Jakara da ƙafa, wajen matar da Baba ke sayen fura tun ina goye. Na ce ta ba ni mai citta da kanumfari, da nono mai tsami na jiya. A gida na dama a ƙwaryar Inna, na tace sau biyu da mayani, na zuba garin ina juyawa har ya ɓace. Ban zuba a kofin asibiti ba. Kofin silbar Baba na ɗauko, wanda ya lotse a gindi.

Na same shi yadda na bar shi, fuska a bango. Na ce Baba ga fura. Bai motsa ba. Na zauna a bakin gado da kofin a cinyata. Zama dai na iya shi. Aka yi kiran la'asar a masallacin asibiti, aka idar, masu dubiya suka fara shigowa da fulas-fulas. Ni dai ina zaune.

"Kin ba ni kunya, Uwata," ya ce da bango.

"Na sani, Baba."

"Da wane ido zan kalli yaron nan?"

"Da wanda za ka rayu da shi."

Ban san daga ina maganar ta fito ba, ban taɓa mayar masa da magana ba. Can sai na ga hancinsa ya motsa. Ya juyo a hankali, na tallafe shi ya jingina da filo. Ya karɓi kofin da hannu biyu, ya shinshina, ya kurɓa kaɗan ya tsaya yana jiran cikinsa ya yi gardama. Bai yi ba. Ya sake kurɓa. Malam Tanko ya leƙo daga bargo ya ce a rage masa ko kurɓi ɗaya ne, don Allah, an saba. Baba ya ce ya je ya sha turarensa.

Kusan rabin awa ya ɗauka, amma sai da na ga lotsewar gindin kofin daga ciki. Ya miƙo mini, ya goge baki da bayan hannu.

"Citta ta yi kaɗan," in ji shi. "Gobe a ƙara."

Tun rasuwar Inna ban ji Baba ya kushe abinci ba. Na fita baranda da kofin, na tsaya wajen famfo, na bar ruwa yana zuba a kansa fiye da yadda wanki ke buƙata.

A nan Gwaggo ta same ni, ta dawo ɗaukar carbinta da ta manta. Ba ta tambayi jikin Baba ba sai da ta gama faɗa mini cewa an aiko daga Zaitawa, zuwan gobe an ɗaga, ba a sa wata rana ba. Ta ce ta sa an mayar da kwanukan Inna cikin kabad. Na ce Baba ya sha fura kofi guda. Ta tsaya da carbin a hannu, bakinta ya yi motsi, ta ce alhamdulillahi, ta share ido da gefen mayafi. Sannan ta ce duk da haka ba ta yafe mini ba tukuna.

Ana gab da magariba wayar ta yi ƙara a cikin jakata. Na goge hannu a riga, na sa yatsa a ƙarƙashin layi kamar a aji.

"Kawu ya ji abin da ya faru a ofis, ya ce a dakata. Shi ya ce, ba ni ba. Ya sha?"

Babu ranki ya daɗe a farko, yadda ya saba. Na duba sama da ƙasa ko na tsallake, babu. Na zauna a kan dakalin baranda na rubuta amsa, harafi bayan harafi, ban goge ko ɗaya ba.

"Ya sha duka. Ya ce citta ta yi kaɗan."

Saƙon ya tafi. Na riƙe wayar har haskenta ya mutu, na danna ya dawo, ya sake mutuwa. Daga ciki na ji Baba yana kira na, wai in zo in ɗaga shi ya yi alwala, yau a zaune yake so ya yi salla ba a kwance ba. Na sa wayar a jaka, na ɗauki buta.